Wasiƙar Lauyoyi a Gonar Mai Tumaki

Ana idar da sallar asuba ranar Talata muka kulle gida a Bronx muka kama hanyar kudu, ni da maigidana da wata maƙwabciyata 'yar Damagaram. Ita ba gayyatar ta aka yi ba, ƙishin-ƙishin ta ji, ta ce ko a but ɗin mota za a saka ta sai ta bi mu, don Greensboro, garin da za mu, cike take da mutanen Nijar kuma tana da ƙanwa a can da rabon su da juna shekara uku. Ku 'yan zauren nan da kuka ishe ni da tambayar ina na shiga mako guda ba a ji ɗuriyata ba, ga amsarku.

Abin da ya tashe mu 'yar ƙanena ce, Habiba, 'yar farinsa. Tana da shekara takwas aka kawo ta ƙasar nan daga Funtuwa, yanzu ga shi ta gama digirin farko za ta shiga karatun lauya. Wani babban kamfanin lauyoyi na garin yana tallafa wa ɗalibai daga al'ummomin da ba a cika ganin 'ya'yansu a wannan aiki ba: baƙar fata, 'ya'yan baƙi irinmu, da waɗanda su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a. Suna biya musu wani kaso na kuɗin makaranta, su kuma ba su gurbin koyon aiki a ofishinsu lokacin dogon hutu. Habiba ta nema, Allah ya ba ta. Aka sa ranar Alhamis za a miƙa musu takardun shaida, aka kuma roƙi uba ko uwar kowane ɗalibi ya tashi ya yi magana ta minti biyu a kan ɗansa.

To a nan gizo ke saƙar. Lauyar da ke kula da shirin, wata dattijuwa baƙar fatar Amurka, ta bugo waya gida don ta taya su murna. Ƙanena ya ɗauka. Ta yi ta zuba yabo, shi kuma Bahaushe, an yabi 'yar fari a gabansa, me kuke zato zai ce? Cewa ya yi ai yarinyar nan ba ta san komai ba tukuna, kirki ne kawai irin nasu, ko shayi ba ta iya haɗawa daidai ba. Ya ƙara da cewa shi ba zai yi magana a taron ba, yayarsa za ta zo ta yi. Habiba tana kicin, duk ta ji. Washegari lauyar ta kira ta gefe ta tambaye ta a hankali ko lafiya a gida, ko mahaifinta ba ya son ta yi karatun ne. Daga ranar, mako biyu cur, ban da ina kwana babu abin da ke shiga tsakanin uba da 'ya. Ta kira ni tana kuka, rabi Hausa rabi Turanci, ta ce ita ta gaji, da zarar ta fara makaranta za ta kama ɗaki ta bar masa gidansa, tun da ko sunanta bai taɓa kira ba. Wannan maganar ita ta hana ni sakewa. Da sunan biki muka fito, amma ni na san ɗinki zan je yi.

Muna haye gada muka faɗa New Jersey, inda har yanzu ma'aikaci ne ke zuba maka mai kana zaune a mota kamar a gida. Daga nan kowace jiha sai ta miƙo hannu a tolget. Maigidana ya yi ta mita, maƙwabciyata kuwa ta buɗe kwanon kilishi ta ce a ci, kuɗin hanya da na esansi, wato mai, ba a jin zafinsu in baki na motsi. Ni na zo da dambun nama da fanke da filas biyu na shayi mai citta. A Baltimore hanya ta nutse ƙarƙashin ruwa, baiwar Allah ta rufe ido ta kama salati ba ta saki ba sai da ta ga hasken rana. A kewayen Washington cunkoso ya cinye mana kusan awa biyu, muna tafiyar hawainiya tsakanin manyan motoci.

Taswirar da muka buga daga intanet shafi huɗu ce, ni ce mai karantawa. Bayan Richmond na ce a riƙe dama hanya za ta rabu, maigida ya ce ya sani. Bai sani ba. Sai da muka yi tafiyar rabin awa ta inda ba mu da kowa sannan ya juyo, kuma har yau a wurinsa laifin takardar ne. Namiji ya gwammace mai ya ƙare da ya tsaya tambayar hanya.

Daga nan sai daji, dogayen itatuwa hagu da dama ba iyaka. Muka tsaya a wurin hutawa na gefen hanya muka haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa. A shekarun nan kun san yadda gaban mutum ke faɗuwa in zai shimfiɗa darduma a bainar jama'a. Wani tsoho da ke yawo da karensa ya hango mu, sai ya ja kare ya zagaya ta nesa, da muka sallame ya ɗaga mana hula. Tun daga nan na lura mutanen kudu masu gaisuwa ne. Mai sayar da mai sai ta tambaye ka gajiya da inda ka fito. Mu da muka saba da Bronx, inda in baƙo ya yi maka murmushi sai ka laluba jakarka, mun ɗan sha wuya kafin mu saba. Mai ya fi namu araha, abinci ma haka, sai dai kusan kowane allo na gefen hanya tallar gasasshen naman alade yake, don haka muka riƙe dambunmu. Na ɗanɗana shayinsu mai sanyi, sukarin da ke ciki ya isa a yi alewa.

Dab da magariba muka shiga Greensboro. Ƙarshen Afrilu ne, garin ya yi kore shar, wani gari-gari rawaya da ke zubowa daga itatuwa ya lulluɓe motoci, maƙwabciyata ta yi ta atishawa har muka sauke ta gidan ƙanwarta. Ƙanena yana Glenwood, unguwar tsofaffin ƙananan gidaje kusa da jami'a, ɗalibai na ta wucewa a kan kekuna. Gidan na katako ne mai baranda, matarsa ta shuka yakuwa da alayyahu a bayansa. Aka tarbe mu da tuwon shinkafa miyar taushe. Habiba ta rungume ni har gyalena ya zame. Amma labarin zuciya a tambayi fuska: ta ajiye wa ubanta ruwa ba ta dube shi ba, shi ma ya ce «sannu» yana kallon bango.

Da safe na tare shi a baranda kafin ya fita, don tasi yake ja a filin jirgi. Na wanke shi tas. Na ce nan ba Funtuwa ba ce, yarinyar nan ta tashi cikin yaran da iyayensu ke manna sakamakon jarrabawarsu a jikin firij, kai kuma an yabe ta ka ce ba ta iya shayi ba. Ya saurare ni har na gama, yana juya makullin mota a hannu. Sannan ya ce:

«Yaya, ke ma fa 'yar fari ce. Kin taɓa jin Baba ya kira sunanki?»

Ban taɓa ji ba kuwa. Har mahaifinmu ya koma ga Allah «ke» ce sunana a bakinsa, in ya yi nisa ya ce «waccan».

«To ni in tashi gaban mutane in ce 'yata kaza ce kaza ce? Bakina ba zai iya ba, Yaya. Shi ya sa na kira ki.»

Ya ce akwai rago da ya riga ya zaɓa na walimar Juma'a a wata gona a Pleasant Garden, shi ba zai samu zuwa ba, mu je maigidana ya yanka mu ɗauko. Ya zana mana hanya a bayan ambulan. Ya gargaɗe mu cewa Turancin mai gonar sai an kasa kunne, shi ya sa na ce Habiba ta zo ta yi mana tafinta. Ta biyo mu ba da son ranta ba, ta zauna a baya ta naɗe hannu.

Pleasant Garden tana kudu da gari, tafiyar minti ashirin da wani abu. Gidaje jefi-jefi, kowanne da filin da za a yi unguwa guda a ciki, ba ka ganin mai tafiya a ƙasa ko ɗaya. Gonar tana ƙarshen wata hanyar tsakuwa. Mai ita wani tsohon Bature ne, dogo, wuyansa ja wur saboda rana, yana magana kamar yana tauna goro. Musulmin garin a wurinsa suke sayen dabbar layya da ta suna, har ya ware musu wurin yanka mai siminti da famfo, kuma ya fi maigidana sanin inda alƙibla take.

Maigida ya fara bayanin wanda ya aiko mu, tsohon bai ma saurare shi ba. Habiba yake kallo. Ya cire hula ya ce, «Ke ce Habiba. Ke ce lauyar.»

Ta ce ba ta zama ba tukuna, kuma a ina ya san ta?

Ya yi dariya ya ce a ina ne bai san ta ba. Ya ce hotonta na nan maƙale a abin tare rana na tasin babanta, tun tana da gibi. Ya lissafo makarantar da ta yi, da shekarar da ta zo ta ɗaya a gasar muhawara, da lokacin da ta karye a hannu ta rubuta jarrabawa da hagu. Ni gwaggonta ban san maganar hagun nan ba. Ya ce duk takardar da aka ba ta a makaranta sai ta zo gonar nan. Wasiƙar lauyoyin kuwa sau uku ana kawo masa ita cikin wata guda.

«Sai ya zo ya ce tumaki ya zo dubawa,» in ji tsohon. «Ya zagaya garke sau ɗaya, sannan ya zaro takardar daga aljihu ya ce tabaransa na gida, in karanta masa. Ni kuwa ina ganin tabaran a aljihun rigarsa. In na zo kan sunanki sai ya ce bai ji ba, in sake. Na haddace ta, ko in karanto miki?»

Bai jira amsa ba ya fara karantowa da ka, tun daga gaisuwar farko. Habiba ce ya kamata ta fassara mana, amma tafinta ta tsaya cak. Ta juya ta tafi wajen shingen tumaki ta dafa katako ta ba mu baya, tana share ido. Na bar ta. Ni ma sai da na nemi bakin gyale.

Ragon kuwa duk garken babu kamarsa. Tsohon ya ce mutum biyu sun taya, ya ce musu na lauya ne. A hanyar dawowa, nama na cikin kula a but, can Habiba ta ce, «Gwaggo, why can't he just tell me? Me ya sa sai a gaya wa stranger?» Na ce mata gaban bare ba a jin kunya, gaban naka ake ji. Na ce abin da aka fi so shi ake ɓoyewa, haka aka yi mana, haka muka taso. Ban ce daidai ne ba, ban kuma ce kuskure ne ba, don har yanzu ban gama yanke wa kaina hukunci ba. Ta ce, «It's crazy,» wai abin kamar hauka. Amma ta faɗa tana murmushi tana jan hanci.

Ranar Alhamis da hantsi muka nufi tsakiyar gari, wani dogon bene mai gilashi. Maƙwabciyata ta iso da ƙanwarta cikin shadda mai ƙyalli, ta ce ba za a naɗa aboka, wato lauya, a bayan idonta ba, ko da yake kujera huɗu aka ba kowane gida. Ma'aikatan ba su ɓata rai ba, suka ƙaro kujeru. Gaskiya mutanen nan sun yi shiri. Tun mako guda sakatariyarsu ta bugo ta koyi yadda ake faɗin sunan kowa. Abincinmu daban da alamar halal a jiki, har da ɗan ɗaki da suka shimfiɗa wa farin zani don mai son yin salla. A bangon zauren hotunan waɗanda suka kafa kamfanin ne jere, duk tsofaffin Turawa maza. Lauyar nan ta nuna su ta ce lokacin da ta fara aiki ita kaɗai ce mai kalarta a benen, in ban da masu shara, kuma ba ta son ta yi ritaya ta bar shi yadda ta same shi.

Ɗalibai biyar ne. Wata uwa ta tashi ta yi magana a kan ɗanta har kuka ya ci ƙarfinta. Wani uba ɗan Meziko, magini, ya karanto tasa daga takarda. Ƙanena kuwa yana can kujerar ƙarshe kusa da ƙofa cikin babbar riga, ya tsura wa kafet ido kamar an ba shi aikin ƙirga zarensa. Na ga lauyar tana satar kallon sa, fuskarta ba walwala.

Da aka kira gidanmu na miƙe. Turancina na aikin jinya ne, amma ya kai ni inda zan je. Na ce ni ba uwarta ba ce, yayar ubanta ce. Na ce a garinmu uba ba ya yabon ɗansa na fari, ba ya ma kiran sunansa, ba don ƙi ba, sai don abin ya yi masa girma a baki. Saboda haka aka ajiye gwaggo, ita ce bakin gida, kuma na yi tafiyar awa goma sha ɗaya don in yi aikina. Sannan na yabi Habiba yadda ake yabo, tun daga ranar da na goya ta har zuwa jarrabawar hagu. Na ce wanda ke son sanin ra'ayin ubanta kada ya tambaye shi, ya je Pleasant Garden ya tambayi mai tumaki. Na ba su labarin tabarau. Zauren ya fashe da dariya, ƙanena ya ja hula ya rufe rabin fuska. Minti biyu aka ba ni, na ci bakwai. Da aka miƙa wa Habiba takardarta ban san lokacin da na toshe hanci na rangaɗa guɗa ba, 'yan Damagaram suka amsa, har wani lauya ya zubar da kofinsa.

Bayan an tashi lauyar ta taka har inda ƙanena yake, ta dafa ƙirjinta ta ce ya yafe mata, ta yi masa mummunar fahimta. Ta ce 'yarsa abin alfahari ce. Ya sunkuyar da kai ya ce da Turanci, «Tana ƙoƙari.» Habiba ta taɓa hannun matar ta ce, «A wurinsa wannan ita ce lambar zinariya.»

Walimar Juma'a ba sai na ba ku labari ba. Bayan masallaci gidan ya cika ya batse, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Gana, motoci har bakin titi na gaba. Aka yi dambun shinkafa da zogale, aka yi waina, rago ya tafi ko ƙashi ba a bari ba. Abin da na riƙe a ranar ɗaya ne: na ga Habiba ta haɗa shayi ta kai wa ubanta gaban abokansa, ta durƙusa ta miƙa. Ya kurɓa ya ce sukari ya yi yawa. Ta ce to. Ya shanye tas, ya miƙo kofin a ƙaro.

Asabar da safe muna loda kaya, sai ga ƙanena ya fito da makulli yana sauri, ya ce mu yi haƙuri ba zai raka mu bakin babbar hanya ba, zai je ya duba wata tunkiya. Na ce wace tunkiya, layya saura wata nawa? Ya shige tasi ya tayar. Habiba ta fito da gudu daga ɗaki da ambulan a hannu, ta zura ta tagar tasin ta ajiye a kujerar gaba. Da ya ja mota ta dawo kusa da ni ta ce, «Copy ɗin takardar shaidar na yi masa, Gwaggo. In na ba shi original ɗin, zai dawo da warin tumaki.» Na tambaye ta maganar kama ɗaki. Ta ce makarantar ba nisa, kuma wa zai riƙa ɓata masa shayi?

Dawowa ba mu ɓata ba, don ni na karɓi tuƙi a Virginia. Maƙwabciyata ta yi barci tun daga Durham, ba ta ma san mun sake bi ta ƙarƙashin ruwa ba. Mun shiga Bronx ana kiran isha'i, ƙafafuna sun kumbura, motar na ƙamshin soyayyen naman da aka ƙullo mana.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, ni dai abu biyu na ƙaru da su. Na ga mutanen da suka buɗe ƙofa da zuciya ɗaya, suka koyi sunanmu da abincinmu, amma shirun uba ɗaya ya kusa rikita su, don ba a rubuta irin wannan a fom. Mu ma da laifinmu: mun kawo 'ya'ya ƙasar da ake faɗin so da baki, muna jiran su gane shi a ƙwayar ido. Wanda ke da ɗan fari a ƙasar nan, in bakinsa ba zai iya ba, ya nemi gwaggo tun da wuri.

Na biyun nawa ne ni kaɗai. Tun daga dajin Virginia nake tuna Baba. Duk ranar da na kawo sakamakon makaranta sai ya karɓa ya sa a aljihu bai duba ba, can da la'asar ya ɗauki kekensa ya ce zai leƙa kara ya ga farashin dabbobi. Mu kuwa ko akuya ba mu da ita. Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da haushin wannan aljihu, sai a gonar wani Bature na gane inda takarduna suke zuwa. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan wanda ya riƙa karanta masa sunana.